Gidan gwanjon banki mai danshi: kurakuran da na gaji da gani a Maradi

Duk shekara bayan kaka, da kuɗi sun ɗan shigo hannu, sai wani ya zo yana murmushi ya ce ya samu gidan da banki ya sa a gwanjo, da araha, "ɗan fenti kawai yake so". Bayan damina guda sai ka tarar da shi yana neman wanda zai karɓa ko da faɗuwa. Mutanen ne suke canjawa, kurakuran kuwa su ɗin ne dai. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko bakina ya huta.

Na farko, wanda ya fi kowanne cin mutane, shi ne duba gida da rani. A watan Maris ko Afrilu, zafin Maradi yana busar da kowane bango ƙayau. Gidan da ke tsiyaya a Agusta sai ya yi maka kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Ita kuwa kotun da ke sayar da gidan ba ta jiran damina kafin ta sa ranar gwanjo. To tunda ba za ka ga ruwan ba, nemi sawunsa. Ka durƙusa ka dubi gindin bango: idan akwai wani layi mai lanƙwasa da ya kai gwiwa ko ƙugu, fenti ya kumbura a ƙasansa, ga farin gari kamar kanwa yana zuba in ka shafa, wannan danshin daga ƙasa yake hawa. Idan tabon daga sama ya gangaro, ko silin ya yi ciki, rufi ne ko indararo. Idan kuma wuri guda ne ya yi baƙi, a bayan makewayi ko kusa da famfo, ka zargi bututu. Ka shiga ɗakin da ya fi daɗewa a rufe, ka ja ƙofa, ka tsaya. Warin fumfuna ba ya ɓuya, ko an yi turaren wuta.

Wannan rarrabewar ita ce dukan cinikin, kuma ita ce mutane suke tsallakewa. Ruwan da ya zo daga sama kuɗi yana maganinsa: a canja kwano, a gyara indararo. Na bututu ma haka, a fasa a gyara. Amma ruwan da unguwa take turo maka, babu kuɗinka da zai tsayar da shi. Mu 'yan Maradi bai kamata a koya mana wannan ba. Tsohon garin a fadamar gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu. Kuma hawa tudun bai kashe maganar ba, don ruwan da ya sauka a sama dole ya nemi hanyar gangarawa gulbi, ta tituna da kwararo, yana zaizaye yashi yana buɗe kwazazzabai. Kowa ya ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa garin nan cikin 'yan awoyi, gidaje suka zube, aka rasa rayuka. Saboda haka kafin ka shiga gidan ma, ka tsaya a titi. Tsakar gidan ta fi titi tudu, ko titi ya fi ta? In ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku, ko ragowar buhunan yashi a bakin zaure, mai gidan ya riga ya ba ka labari. Wani gidan lafiyarsa ƙalau har ranar da aka cike titin gabansa aka ɗaga shi, daga nan ya zama tafki.

A nan ni ma aka yi mini. Na sayi wani gida a gangare, na ga layin danshin da idona, na ce siminti zai gyara. Na sa aka kankare, aka yi sabon shafe mai kauri, aka bi da fentin mai, har da tayil a gindin bangon falo don ya yi kyau ga ɗan haya. Da damina ta zo, danshin bai tafi ko'ina ba, sama ya ƙara hawa ya ɓullo a kan tayil ɗin. Ashe ginin laka ne aka lulluɓe da siminti tun asali, ni kuma na ƙara toshe masa hanyar numfashi. Lakar ta jiƙe a ciki ta yi laushi, shafen ya rabu da bango, wata safiya ya faɗo falle guda. Allah ya kiyaye babu yaro a wurin. Abin da na kashe a gyara na biyu ya cinye duk arahar da nake taƙama da ita. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo tana kallon ɓaraguzan, ta ce: "Ɗana, da ka tambaye ni. In aka yi ruwa, ta gidan nan yake bi ya fita." Na ce: "Inna, ai ban san zan tambaya ba." Ta ce ai kowa a layin ya sani.

To ku ji, ku masu saurin kiran mai fenti. Fenti ba magani ba ne. Tayil ba magani ba ne. Rufe jiƙaƙƙen bango tamkar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Kuma ku daina cewa magini ne ya cuce ku. Kai ka ce masa kana son gidan ya shiga haya kafin wata ya ƙare, shi kuma ya yi maka abin da ka biya. Yadda nake yi yanzu, wasu abokan sana'a suna ganin ɓata lokaci ne: in na sayi gida mai danshi, sai in tsayar da mafarin ruwan tukuna, in kankare ruɓaɓɓen shafen har sama da layin danshin, in buɗe tagogi in bar bangon tsirara iskar hunturu ta ratsa shi. In cike tsakar gida in ba ta gangare zuwa waje, in yi daɓe a kewayen ginin don ruwan rufi kada ya zauna a gindinsa. Ba na yin fentin ƙarshe sai gidan ya ga damina guda a hannuna. Eh, kuɗin hayar watanni sun tafi. Na yarda da wannan asarar. Kuma ina ƙwanƙwasa kowane bango da makulli kafin in sa farashi. In ya yi ƙarar holoƙo, shafen ya riga ya saki, in kuma na sami inda ya ɓantare sai in duba bulo ne a ciki ko tubali.

Kuskure na biyu mai tsada ba a bango yake ba, a takarda yake. Mutum ya ji dillali ya ce "gidan banki ne", shi ke nan ya ɗauka komai tsaf. Sayar da gidan da aka ƙwace saboda bashi a Nijar yana bin dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suke bi, kuma akwai kundin sharuɗɗan sayarwa da ake ajiyewa a ofishin magatakardan kotu, wanda mai niyyar saye yake iya zuwa ya karanta. A ciki za ka ga bayanin gidan, da farashin da za a fara da shi, da abin da mai saye zai biya bayan farashin. In Faransancinka bai kai ba, ka biya lauya ya karanta maka. Kuɗinsa bai kai na buhunan simintin da za ka zubar ba. Ka sani kuma ba za ka samu haƙƙin da ya wuce wanda mai gidan yake da shi ba. In gidan gado ne da ba a raba ba, ko iyakarsa tana da rikici da maƙwabci, ka sayi rikicin tare da bangon. Kuma cinikin kotu ba irin na kasuwa ba ne da za ka koma ka ce an ɓoye maka aibi a rage maka.

Wani abin da ke ba ni haushi: mutum ya ci gwanjo da safe, da yamma ya kai yashi da tsakuwa. Doka ta ba da kwana 10 bayan gwanjo, wanda wani zai iya zuwa ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma na farashin a sake bugawa. Ka saya miliyan 10 na sefa, wani ya zo da miliyan 11, an koma fage. Ka haƙura kwanakin su wuce. Kada kuma ka ɗaga hannu da kuɗin da ba su hannunka, kana jiran a sayar maka da wake ko a turo daga Kano. In ka kasa biya a kan lokaci za a sake sayar da gidan, in ya faɗi ƙasa da farashinka kai za ka cika giɓin.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Ka duba bashin wuta da na ruwa da ke kan gidan kafin ka yi lissafin riba. Ka rufe duk famfunan gidan ka kalli mita. In tana juyawa, akwai yoyo a ƙasa. Ka nemi inda ramin masai da na ruwan wanka suke, har da na maƙwabta, don sau da yawa bangon da ya ƙi bushewa yana jingine ne da ramin gidan baya. Gara tana bin danshi, don haka a soki katakon rufi da tsinin wuƙa. In rufin kankare ne ka ga tsatsa tana tsattsafowa ko rodi ya fito fili, wannan ba aikin magininka ba ne, nemi injiniya. Silin da ya yi fumfuna a cire shi a zubar, ba a wanke shi. Wanda ke kan siminti a goge da ruwan jabel, wato bilicin wanki, a rufe hanci da baki, a buɗe tagogi, kuma kada a kuskura a haɗa jabel da asid ɗin wanke masai, hayaƙinsu guba ne. Mai asma da ƙananan yara su nisanci wurin har a gama.

Sai maganar mutanen da ke ciki. Wani gidan za ka saya iyalin mai shi ba su tashi ba, ko akwai 'yan haya. Fitar da su yana bin hanyar shari'a, yana ɗaukar lokaci, kuma a unguwar da kowa ya san kowa ba a mantawa da wanda ya watsa wa mata da yara kaya a titi. Ni nakan fara zuwa wurin mai unguwa da limamin layin, in ba iyalin wa'adi mai sauƙi, wani lokaci har in biya musu motar kwashe kaya. Ba don tausayi kaɗai ba. Su ne suka kwana a gidan shekara da shekaru, kuma in kun rabu lafiya, uwargidan za ta nuna maka da yatsa kusurwar da take ajiye bokiti in hadari ya haɗu, da ɗakin da suka daina kwana a cikinsa.