Yadda ake duba bindiga mai baki biyu kafin a saye ta

Bindigar da ake karyawa a tsakiya a sa harsashi ta yi suna ne a Faransa, a hannun Casimir Lefaucheux, cikin shekarun 1830. Siffar da mafarauta suka saba da ita kuwa daga Ingila ta fito. A 1875 Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards da ke Birmingham suka ɓoye gudumar da ke bugun harsashi a cikin jikin ƙarfen, ya zamana karya bindigar shi ne ɗana ta. Wannan mahaɗar da ake karyawa ita ce ke fara cinyewa, don haka daga nan za ka fara.

Buɗe ta, ka tabbata babu harsashi. Rufe, ka cire katakon gaba, ka riƙe ta a gindi ka girgiza. In ka ji motsi ko kaɗan tsakanin hanci, wato bututun da harbi ke fita, da jiki, ƙusar mahaɗar ta ci, sai an kai wa ƙwararre. Dubi ƙarfen sama da ake turawa a buɗe: a lafiyayyiyar bindiga yana tsayawa a tsakiya ko ya ɗan karkata dama. In ya wuce zuwa hagu, sakatar ta sha aiki.

Sannan ka zare hancin biyu, ka rataye su a yatsa, ka ƙwanƙwasa. Ƙara mai tsawo na nufin dalmar da ta haɗa su tana nan daram. In sautin ya mutu, haɗin ya saki, kuma tsatsa na iya ɓuya a ciki. Leƙa kowane hanci ta wajen haske, ka nemi ramukan tsatsa, lotsewa ko kumburi. Kumburi yawanci daga harbi ne da toshasshen baki, ko laka ko gidan zanzaro.

Inda aka fi yin ganganci shi ne tsawon harsashi. Bindiga mai lamba 12 faɗin cikin hancinta kusan milimita 18.5 ne, amma tsawon mazaunin harsashin ya bambanta: milimita 65, 70 ko 76, galibi an buga shi a ƙasan hancin. Lambar da ke jikin harsashi tsawonsa ce bayan ya buɗe, shi ya sa na 70 zai shige mazaunin 65 a rufe lafiya lau, amma wajen harbi ba shi da wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Kada kuma ka haɗa harsashi lamba 20 da 12 a aljihu ɗaya. Ƙaramin yakan zurma ya maƙale a ciki, a ɗora babba a bayansa, hanci ya fashe. Tsohon hanci mai zanen murɗaɗɗen ƙarfe kuwa don baƙin albarushi aka yi shi, ba don harsashin zamani ba.

A mai hanci biyu a jere, kunamar gaba ta hancin dama ce, mai watsa ƙwayoyi don abin da ke kusa. Ta baya ta hancin hagu ce, bakinsa a matse don nesa. Sa makullin da ke hana harbi ka gwada kowace kunama, ka tabbata ya riƙe ta, kuma kafin kuɗi su fita ka tabbata lasisinka na 'yan sanda yana hannu.