Kurakuran da Ake Yi Wajen Cin Bashin Karatun Mataimakin Likitan Haƙori a Amurka

Kwas ɗin mataimakin likitan haƙori yana jan matasa da sababbin zuwa Amurka saboda gajartarsa: wata tara zuwa shekara guda, ka fito da satifiket a hannu. Aikin kuma na mutunci ne. Kai ne mai shirya kayan aiki a faranti, mai kashe musu ƙwayoyin cuta bayan kowane majinyaci, mai riƙe bututun zuƙe yawu yayin da likita ke aiki, mai kwantar wa yaron da ya tsorata hankali. Abin da ke damuna shi ne yawan bashin da mutane ke ɗaura wa kansu kafin su kai ga wannan kujera, alhali albashin yana da iyaka sananniya.

Kuskuren farko yana faruwa ne tun a ofishin ɗaukar ɗalibai. Za a nuna maka cewa matsakaicin albashin mataimakin likitan haƙori dala 46,540 ne a shekara, kuma gaskiya ne, haka Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka ta fitar na watan Mayun 2023. Amma wannan adadi na tsakiyar layi ne. Rabin masu aikin ba su kai shi ba, kuma cikin waɗanda suka wuce shi akwai masu shekara goma sha a bakin aiki da mazauna biranen da haya kaɗai ke cinye rabin albashi. Sabon shiga yana farawa ne daga ƙasa. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: asibitocin haƙori da yawa kwana huɗu suke buɗewa a mako, kuma da awa ake biya. A ce an ɗauke ka kan dala 18 a awa, awa 32 a mako. A shekara ba ka cika dala 30,000 ba, kafin ma a cire haraji. Da wannan adadin ya kamata ka yi lissafi. Buɗe tallan neman ma'aikata na garinku, ka duba nawa ake ba wanda bai taɓa aiki ba, ka riƙe shi.

Wasu kuma suna haɗa wannan aiki da na ƙwararren mai wanke haƙora, wanda matsakaicin albashinsa a shekarar ya haura dala 87,000. Wancan karatun digiri ne na kusan shekara uku, da lasisin jiha. Satifiket na wata tara ba ya kai mutum can, kuma sau da yawa ba a lissafa darussan makarantu masu zaman kansu idan an je neman gurbin wancan karatun.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne zaton makaranta mai tsada ta fi kawo albashi. Likitan da zai ɗauke ka aiki ba ya ƙara maka dala ɗaya don ka biya kuɗin makaranta mai yawa. Abin da yake dubawa shi ne ko kana da izinin ɗaukar hoton X-ray na haƙora, ko hannunka ya faɗa, ko za ka zo a kan lokaci. Kwalejojin gwamnati na shekara biyu suna koyar da wannan kwas kan 'yan dubban daloli ga mazaunin jihar, yayin da makarantun 'yan kasuwa kan caji fiye da dubu goma nesa ba kusa ba. Tallafin Pell, wato kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi ba tare da sun mayar ba, iyakarsa ta kai dala 7,395 a zangon 2024 zuwa 2025, kuma a kwalejin gwamnati yana iya rufe kuɗin karatun baki ɗaya. Na san abin da ke tura mutane wurin 'yan kasuwa: su suna kiranka a waya, suna cika maka takardu, suna cewa ka fara ranar Litinin, ita kuwa kwalejin gwamnati sai ka jira zango, wani lokaci har da jerin jira. Jiran wata huɗu ya fi biyan bashin shekara goma sauƙi. Kamfanin Corinthian Colleges, mai makarantun Everest da ke koyar da irin waɗannan kwasa-kwasai, ya durƙushe a 2015, kuma sai a 2022 gwamnati ta yafe wa ɗalibansa kusan 560,000 bashin dala biliyan 5.8. Shekara bakwai ke nan mutane na ɗauke da kaya. Kafin ka sa hannu, shiga shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi, ka nemi makarantar, ka ga bashin da ɗalibanta ke fita da shi da kuma abin da suke samu bayan kammalawa.

Sai rashin duba dokar jiha. Jihohi da dama ba sa buƙatar satifiket kafin a fara aikin. Likita zai iya ɗaukarka ya koya maka, kana karɓar albashi. Hukumar DANB mai shirya jarrabawar mataimakan likitan haƙori, wadda ke ba da shaidar ƙwarewa ta CDA, tana barin wanda ya gama sakandare kuma ya yi awa 3,500 a bakin aiki ya zauna jarrabawar. A Kalifoniya ma ana iya neman rajista da ƙwarewar aiki ta wata 15. Minesota kuwa tana son mai neman lasisi ya fito daga kwas ɗin da hukumar CODA, mai tantance kwasa-kwasan aikin haƙori, ta amince da shi. Ka ga ke nan mutum zai iya cin bashi a kan takardar da jiharsa ba ta nema, ko ya biya makarantar da takardarta ba za ta ba shi lasisi ba. Hukumar kula da aikin haƙori ta jiharka ce ke da amsar, ba mai tallan makaranta ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kowane da irinsa. Wanda ke da katin zama na dindindin ko ɗan ƙasa ya fara cika FAFSA, wato fom ɗin neman tallafi da bashin karatu na gwamnati, domin bashin gwamnatin tarayya yana ba da sararin wata shida bayan kammalawa kafin a fara biya, kuma ana iya daidaita biyansa da abin da kake samu. Bashin banki ko na makarantar kanta galibi ba a daidaita biyansa da abin da kake samu. Mai bizar ɗalibi ba ya samun na gwamnati. Ga lissafin da kowa zai iya yi a bayan ambulan: bashin dala 15,000 da ruwan kashi 6.5 cikin ɗari, a shekara goma, kusan dala 170 ne duk wata, jimilla sama da 20,000. Ma'aunin da Ma'aikatar Ilimi ta sa a ƙa'idarta ta 2023 shi ne kada biyan bashi ya wuce kashi 8 cikin ɗari na albashin shekara. Ga mai dala 30,000, iyakar ke nan dala 200 a wata, kuma a ganina wanda ke da haya da inshorar mota da 'yan uwa a gida masu jiran aike bai kamata ya kusanci wannan iyaka ba. Wanda ke gudun riba saboda addini, hanyar kwalejin gwamnati da Pell, ko koyo a bakin aiki, ita ce za ta fisshe shi.

Idan kuma ka bar karatun a tsakiya, bashin yana nan ba satifiket. Don haka ka tambayi makarantar ɗalibai nawa ke kammalawa cikin ɗari, nawa za a mayar maka idan ka janye a wata na biyu, da ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da littattafai, rigar aiki da kuɗin jarrabawa. Ka ce a ba ka amsar a rubuce, ka tafi da ita gida ka karanta kafin ka sa hannu.