Ƙara wa kwantirolar keken lantarki ƙarfi: kurakuran da aka fi yi

Wanda ya haɗa keken lantarki da hannunsa ba ya daɗewa sai ya fara neman ƙarin ƙarfi, musamman idan keken yana nishi a hawa. Yawanci sai a buɗe kwantirola, akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir, a taɓa shant, wato guntuwar waya mai kauri da kwantirola ke auna wutar da ke wucewa da ita. Idan aka narka mata dalma, turjiyarta ta ragu, kwantirola ta ɗauka wutar kaɗan ce, sai ta ƙara saki. Dabarar tana ci, amma a wurin yin ta ne ake ɓarna.

Babban kuskure shi ne lafta dalma da ka, ba tare da awo ba. Ido ba ya gane ko amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke wucewa) 20 ta koma 25 ko ta haura 40. Kuma zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wuta: idan wuta ta ninka, zafin da ke cikin waya da mosfet (ƙananan makunnan cikin kwantirola da ke sakar wa inji wuta) sau huɗu yake ninkawa. Ko daga 20 zuwa 30 kawai, zafin ya wuce ninki biyu. Shi ya sa za ka ga keke ya tashi da kyau, ya kama hawa, sai ƙauri, taya kuma ta cije saboda mosfet ya ƙone ya haɗe layi. Gyaran shi ne ka sa mita tsakanin batir da kwantirola, ka rubuta mafi yawan wutar da keken ke ja kafin ka taɓa komai. Sannan ka ɗiga dalma a ɗan sashe na shant, ka gwada, ka sake aunawa. A ganina ƙarin kashi 20 cikin ɗari ya ishi ƙaramar kwantirola. Tun da ka buɗe kwantirolar, ƙara kaurin layukan wuta da ke bayan allon, ka kuma duba ko mosfet ɗin sun manne sosai da jikin gwangwanin, don ta nan suke fitar da zafi.

Akwai kuma masu rikita ƙarfin ja da gudu. Amfiya tana ƙara ƙarfin tashi da hawa, gudun ƙarshe kuwa yawanci volt ne ke kawo shi. Da mutum ya ga gudu bai ƙaru ba sai ya ɗaura babban batir, ya manta cewa lambar da ke jikin batir ba ita ce ta cikar caji ba. Batirin litiyom na volt 48 yana kai 54.6 idan ya cika, na 60 yana kai 67.2, alhali kwantirolocin 48 da yawa kafasitarsu, wato 'yar aba mai tara wuta da ke kan allon, volt 63 ce iyakarta. Karanta lambar da ke jikin kafasita da ta mosfet tukuna. Ka tuna kuma matakin da kwantirola ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa an saita shi ne don tsohon batirin, ba zai kare sabon ba.

Shi kansa batir ana yawan mantawa da shi. Idan BMS ɗinsa, wato allon da ke kare batirin, na amfiya 20 ne, kwantirola ta nemi 30, zai riƙa ɗaukewa a tsakiyar hanya. Wasu sai su tsallake BMS ɗin. Don Allah kada ka yi haka, wutar batirin litiyom tana da wuyar kashewa. Nemi batirin da ƙwayoyinsa za su ɗauki nauyin, ka canza siraran wayoyi da mahaɗai, ka sa fiyus kusa da batir.

Idan injin a cikin taya yake, sandarsa tana murɗa ƙarfen da ke riƙe da ita duk lokacin da ka ja totur. Da ƙarfi ya ƙaru tana iya buɗe bakin ƙarfen, ta juya ta tsinke wayoyi, taya ma ta fita, musamman a gaba ko a jikin alminiyom. Ɗaura mata ƙarfen tokare, ka gyara birki ya dace da sabon gudun. Bayan gwajin farko, taɓa jikin inji da na kwantirola. Idan hannunka ya kasa zama a kai, rage dalmar.