Kurakuran masu haɗa bidiyo ba tare da kyamara ba

Duk wanda ya zaɓi haɗa bidiyo da hotuna da rubutu kawai, ba tare da nuna fuskarsa ba, ya ɗora wa muryarsa nauyin aikin gaba ɗaya, kuma a nan ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Sai ka ga mutum ya kwana yana jera hotuna a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, amma ya naɗi maganarsa a falo, fanka tana juyawa, janareton maƙwabta yana ruri. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba ya jure maganar da sai ya kasa kunne kafin ya fahimta. Gyaran ba ya cin ko sisi: a kashe fanka, a shiga ƙaramin ɗaki mai katifa da labule, domin su ne suke shanye amsa-kuwwa, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga baki, sannan a rage sauran hayaniyar da Audacity, manhajar da ake samu kyauta.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne kwasar kayan mutane. Tsarin Content ID na YouTube yana gane waƙa ko yankin fim ko da an gutsure shi, kuma mai kayan yana iya karɓe kuɗin tallar ko ya toshe bidiyon. Idan kuwa ya kai ƙara aka sauke bidiyon, gargaɗi ɗaya ke nan, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 sun isa a rufe tashar. Rubuta "wannan waƙa ba tawa ba ce" a ƙasan bidiyo, kamar yadda wasu suke yi, amsa laifi ne kawai. Akwai hotuna da bidiyon kyauta a Pexels da Pixabay, akwai kuma kiɗa a rumbun sauti na YouTube.

Ko da kayan halal ne, jera su kawai da muryar na'ura a kai ba ya wadatarwa. Mutum zai iya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, amma a hana shi shiga tsarin biyan kuɗi na YouTube saboda babu wani bayani ko nazari nasa na kansa a ciki. A ganina, muryar mutum ko da tana ɗan rawa ta fi ta na'urar da ba ta bambance "gari" na zama da "gari" na tuwo.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Bidiyon TikTok a tsaye ake tsara shi, wato 9:16, dogon bidiyon YouTube kuma a kwance, 16:9. Mai naɗar fuskar waya ya rufe sanarwa tukuna, kada saƙon iyalinsa ya faɗo a tsakiyar darasi. Haka kuma a gwada salon haruffa, wato font, da ƙ da ɗ da ɓ kafin a fara aiki, domin da yawa daga cikinsu ɗan akwati suke nunawa a gurbin waɗannan haruffa.