Yadda Ake Jinyar Wanda Ciwonsa Ya Wuce Warkewa

Idan likita ya ce ciwo ya kai matsayin da magani ba zai kawar da shi ba, iyali da yawa sukan ɗauka cewa aikin asibiti ya ƙare, saura jiran lokaci. Alhali kuwa akwai fannin kiwon lafiya da aka keɓe domin wannan hali, wanda aikinsa shi ne sauƙaƙa wa majinyaci raɗaɗi da tallafa wa masu jinyarsa. Likitar nan 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a shekarar 1967, ta koyar da cewa zafin jiki da fargaba da tunanin iyali da damuwar ruhi duk a cuɗe suke, kuma tare ake magance su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa a kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samunta. Saboda haka kada a jira a yi tayinta, a tambayi likita kai tsaye ko akwai ma'aikatan wannan fanni da za a haɗa majinyaci da su.

Abin da ya kamata a fara shawo kansa shi ne raɗaɗi. Majinyaci da yawa idan aka ce musu "ya jiki?" sai su ce "da sauƙi", ko da kuwa ba su runtsa ba daren jiya. Ya fi kyau a ce ya auna zafin daga 0 zuwa 10, a rubuta amsar da lokacin a littafi, a nuna wa likita. Maganin ciwo mai ɗorewa ana ba da shi ne bisa agogo, kafin zafin ya dawo, domin danne raɗaɗin da ya riga ya taso ya fi wuya. Idan an rubuta morfin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, wasu dangi sukan tsorata, suna ganin zai zama jaraba ko ya gaggauta ajali. A ganina wannan tsoro ya jawo wa mutane wahalar da babu dalilinta, domin idan likita ne ya tsara adadin kuma aka bi umarninsa, magani ne kamar kowane magani. Abin da ya kamata a shirya masa shi ne taurin bayan gida, wanda kusan kullum yake biyo baya, don haka a nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko. Kada a ƙara ko a rage adadi ba tare da sanin likita ba.

Wanda ba ya iya motsi da kansa a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a duba diddige da kwatangwalo da ƙugu, domin nan ne gyambon kwanciya yake fara nuna ja.

Batun abinci ne ya fi tayar da hankalin iyali. Idan ƙarshe ya matso, jiki da kansa yake daina neman abinci, kuma ɗura wa wanda haɗiya ta yi masa wuya na iya sa ya sarƙe. A ba shi kaɗan idan ya nema, a bar shi idan ya ƙi, a riƙa jiƙa masa leɓe da goge masa baki. Numfashi ma yakan sauya, ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro saboda yawun da ya kasa haɗiyewa. Kwantar da shi ta gefe yakan rage wannan. Ana kyautata zaton ji yana daɗewa bayan magana ta ɗauke, saboda haka a kiyaye abin da ake faɗa a gabansa.

Tun yana da ƙarfin magana, idan ya ɗauko zancen mutuwa kada a katse shi da "daina faɗin haka". Wataƙila wasiyya yake son bari, ko bashi yake son a biya, ko akwai wanda yake son su yafi juna, ko malamin addininsa yake son gani.

Shi ma mai jinya mutum ne. A raba kwana tsakanin mutum biyu ko uku, kuma duk wanda ya ce "idan da abin da zan yi a faɗa mini", a ba shi aiki takamaimai, kamar karɓo magani ko zama na awa uku. Bayan rasuwa, mai jinya yakan ji kamar an sauke masa kaya, sannan ya zargi kansa da jin hakan. Wannan gajiya ce, ba rashin ƙauna ba. Amma idan an wuce wata shida jimami bai sassauta ba, har yana hana shi barci da aiki da shiga mutane, ya kamata a raka shi wurin likita.