Yadda nake ƙirga shaho da shirwa a ƙarshen kaka

A watan Nuwamba, idan an gama girbin gero, iskar hunturu ta fara kaɗawa, fadamun Haɗeja da Nguru sukan cika da baƙin tsuntsaye masu farauta waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Turai. A Batumi ta ƙasar Jojiya, inda ake ƙidayar tun 2008, fiye da miliyan ɗaya ke wucewa ta sama kowace kaka. Can a kan hanya ake ƙirga su. Mu nan a masauki muke samunsu, don haka dabararmu daban ce.

Abin da nake ɗauka bai da yawa: madubin hangen nesa, littafi, fensir, gorar ruwa. Nakan fara gaida mai gonar in gaya masa abin da ya kawo ni, don baƙon da ya tsaya yana leƙe-leƙe dole a yi masa tambaya.

Ka fita bayan la'asar, ka sami tudu a bakin fadama, rana tana bayanka. Akwai wasu irin shaho masu dogon wutsiya da ke tashi ƙasa-ƙasa bisa kachalla, fukafukai a ɗan ɗage sama, suna tangaɗi. Ba sa kwana a bishiya. A ƙasa suke kwana cikin ciyawa, kuma a tare, shi ya sa da faɗuwar rana za ka ga suna tahowa ɗaya bayan ɗaya. Nan ne aikin yake. Kada ka rubuta tsuntsu don kawai ka gan shi yana shawagi, sai ya faɗa cikin ciyawa bai sake tashi ba. A farkon farawata na sha ƙirga guda ɗaya sau uku, saboda sukan sauka su tashi su sake kewayawa.

Namiji mai launin toka da baƙin bakin fiffike yana da sauƙin ganewa. Matan kuwa ruwan ƙasa ne, da farin tabo a gindin wutsiya, kuma matan iri biyu na shahon nan suna kama sosai. In ka kasa rabewa, rubuta "mace, ban tantance ba". Wannan ya fi mini daraja a kan sunan da aka cinta. Shirwa ma a duba bakinta: babba mai rawayan baki tamu ce ta gida, mai baƙin baki yawanci baƙuwa ce.

Rubuta kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, inda iska ta fito, da kaurin hazo, domin ranar da ƙura ta rufe gari lissafi yakan faɗi ba don tsuntsayen sun ragu ba. Ranar da ba ka ga ko ɗaya ba, rubuta sifili.

Ka koma tudun nan, a lokacin nan, mako-mako, har baɗi. Ina damuwa da lissafin ne don fara ce babban abincin wasunsu, kuma manomin da ya ba ni wurin tsayawa yakan tambaye ni ko bana sun kai na bara.