Idan jam'iyya ta rasa rinjaye a majalisa: yadda za ka gane kujerar da za ta faɗi

Duk lokacin da guguwar sauya sheƙa ta kaɗa a Abuja, sai ka ji ana cewa shugaban majalisa ya gama yawo. Galibi ba haka abin yake ba. Kafin ka yarda da wannan magana, ɗauki takarda da alƙalami ka bi lissafin da kanka.

Fara da raba kujerun shugabanci gida biyu, domin ba doka ɗaya ce ke riƙe da su ba. Shugaban Majalisar Dattawa, Kakakin Majalisar Wakilai da mataimakansu, kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa su a sashe na 50. Abin da sashen ya ce shi ne 'yan majalisa su zaɓi ɗaya daga cikinsu, bai ambaci jam'iyya ba ko kaɗan. Shi ya sa a ranar 9 ga Yunin 2015 Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Bukola Saraki, alhali APC ce ke da rinjaye. Su kuwa shugaban masu rinjaye, shugaban marasa rinjaye da masu tsawatarwa, ƙa'idojin zaman majalisa ne suka samar da su, kuma 'yan jam'iyya ne ke naɗa nasu. Wasiƙa ɗaya mai ɗauke da sa hannun mafi yawansu, a karanta ta a zaure, ta isa a canza mutum. Haka aka yi wa Ali Ndume, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, a Janairun 2017, aka ɗora Ahmad Lawan. Waɗannan kujeru su ne ke fara girgiza.

Sai ka lissafa kashi biyu bisa uku. Ba a tsige shugaban majalisa da rinjayen mutum ɗaya ko biyu. A Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ana buƙatar sanatoci 73, a ta Wakilai mai 360 kuma ana buƙatar 240. Juya lissafin ka ga inda ƙarfin shugaba yake: sanatoci 37 kacal suka tsaya masa, ba mai taɓa shi, a Majalisar Wakilai kuma mutum 121. A jihohi sashe na 92 ne ke aiki da irin wannan ma'auni, don haka a majalisar Kano mai mambobi 40 sai an tara 27. Saraki ya bar APC zuwa PDP a ƙarshen Yulin 2018, shugaban APC na lokacin Adams Oshiomhole ya yi ta cewa sai ya sauka, amma 73 ba ta taru ba. Ya zauna a kujerarsa har wa'adin majalisar ya ƙare a Yunin 2019.

A nan ne masu gaggawa ke yin tuntuɓe. Suna ƙirga kashi biyu bisa uku na waɗanda suka hallara a zaure ranar, maimakon na dukkan mambobi. Sai a taru da sassafe, a kulle ƙofa, a kawo sandar majalisa, a ce an tsige wane. Irin wannan aiki ba ya jure wa kotu. A 2006 wasu tsirarun 'yan majalisar Filato, waɗanda ba su kai goma ba cikin 24, sun ce sun tsige Gwamna Joshua Dariye, Kotun Ƙoli ta rushe abin a 2007. Wancan batun gwamna ne, amma lauyoyi na kafa hujja da shi a rikicin kakaki ma. Kada kuma ka rikita wannan adadi da na halarcin zama. Kashi ɗaya bisa uku, wato sanatoci 37 ko wakilai 120, ya isa a buɗe zama a yi aikin yau da kullum, amma bai isa a tsige kowa ba.

Bayan haka ka tambayi kanka: waɗanda suka sauya sheƙar, kujerunsu na nan daram? Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Sashe na 109 ya faɗi haka game da jihohi. A 2015, a shari'ar Ifedayo Abegunde na Ondo, Kotun Ƙoli ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa hujja ba, dole rabuwar ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa. To amma wa ke ayyana cewa kujera ta zama fanko? Shugaban majalisar ne. Idan masu sauya sheƙar mutanensa ne, zai karanta wasiƙarsu, ya buga guduma, a wuce. Wanda bai gamsu ba sai ya tafi kotu, kuma sau da yawa shari'ar ba ta ƙarewa kafin zaɓe ya zo. Wannan gurbi ne babba a dokar, ya kamata a ce tuni an gyara shi.

Ka sa ido kan kalandar zama, don ita ce garkuwar shugaban da ke cikin matsi. Aminu Waziri Tambuwal, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, ya sanar da komawarsa APC ranar 28 ga Oktoban 2014, nan take aka ɗage zama zuwa Disamba. Majalisar da ba ta zauna ba, ba ta tsige kowa. Gwamnati ta janye masa 'yan sandan da ke tsaronsa, kuma ranar 20 ga Nuwamba, da aka kira zaman gaggawa, an rufe ƙofa an harba hayaƙi mai sa hawaye, 'yan majalisa da manyan riguna suka riƙa haurawa ta saman ƙofar ƙarfe. Da jami'an DSS suka tare ƙofar majalisa ranar 7 ga Agustan 2018, shugabansu Lawal Daura ne ya rasa aikinsa a ranar, ba Saraki ba.

Ainihin ɓarnar tana bayyana ne a wajen ƙuri'a. Kasafin kuɗi, amincewa da ciyo bashi, tantance ministoci, duk rinjaye mai sauƙi suke buƙata, kuma mai jagorantar zama ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Jam'iyyar da ta rasa yawa sai ta riƙa neman ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, tana biya da shugabancin kwamitoci da ayyukan mazaɓu. Saboda haka ka duba wa aka ba kwamitin kasafi, wa aka cire. Kuma kada ka dogara da adadin da kakakin jam'iyya ya faɗa wa 'yan jarida, ka bi wasiƙun da aka karanta a zaure. A Disambar 2013 wakilai 37 sun bar PDP, APC ta ce rinjaye ya dawo hannunta, amma PDP ta garzaya kotu, kuma Mulikat Akande ta ci gaba da zama shugabar masu rinjaye har 2015.

Wannan lissafi na Najeriya ne, kada ka ɗauke shi ka kai Yamai. A tsarin da Nijar ta bi, firaminista na rataye ne a wuyan majalisa. Da jam'iyyar PNDS ta fice daga ƙawancen masu mulki a Satumbar 1994, shugabanta Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa, 'yan adawa suka ci zaɓen Janairun 1995, ya zama dole ya naɗa Hama Amadou. Shugaba da firaminista suka yi ta ja-in-ja kusan shekara guda, har sojoji ƙarƙashin Ibrahim Baré Maïnassara suka karɓe mulki ranar 27 ga Janairun 1996.